Shekarar da Aka Bar Yaya Lawan da Garma

An saba mutum ya jira furfura kafin ya zauna rubuta tarihinsa. Ni ban jira ba, kuma ina da dalili. Akwai wata magana da ake yi a danginmu wadda ba gaskiya ba ce, amma saboda yawan maimaitawa ta fara zama da gindinta, har na ji tsoron kada ku girma ku tarar ta zama tarihi. Ku ’ya’yana, da ku ’ya’yan Yaya Lawan, dominku nake rubuta wannan babi. Yawancinku ba ku kai ga iya karanta shi ba tukuna. Ranar da kuka kai, ina so ku karanta shi tare, a kan tabarma ɗaya.

Ranar sunan ƙaramar ƙanwarku na sake jin maganar. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune cikin mata tana ba baƙi labarina, muryarta har zaure:

“Ai Sani tun yana ƙarami kansa daban yake. Shi ya sa marigayi mahaifinsu ya zaɓe shi ya kai shi makarantar gaba. Ga shi yau har da ofis nasa na kansa.”

Yaya Lawan yana bakin zaure a lokacin, ya naɗe hannun riga, yana taya masu fiɗar rago. Ya ji, domin na ga wuƙar ta tsaya a hannunsa. Sai ya yi murmushi, ya ce wa na kusa da shi ya riƙe ƙafar da kyau, ya ci gaba da aikinsa. Ba da mugunta Gwaggo ta faɗa ba. Haka ta ɗauka, haka ma duk dangi. Amma ba a zaɓe ni don kaina ya fi nasa ba. An zaɓe ni ne don ban iya noma ba, kuma don a ranar da aka yanke shawarar, babu wanda al’ada ta yarje wa a gidanmu ya buɗe baki ya nema masa.

Mu biyu ne maza a wurin Baba da Inna, a wani ƙauye kusa da Gammo. Shi ne na fari, ni ke bi masa. Rana ɗaya aka sa mu firamare, a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga kyauta, aka kwashe manya da ƙanana aka zuba a aji guda. Tun daga ranar har muka gama, ba a taɓa kiran sakamakon jarrabawa ba a fara da sunansa ba. Ni ina can tsakiya, kuma ko tsakiyar ma da taimakonsa nake riƙe da ita. A hanyar dawowa gida yakan tsayar da ni a gindin wata ɗorawa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini da tsinke lissafin da ya gagare ni a aji. Ba ya tsawa, ba ya ƙosawa. In ya ga na gane, sai ya goge da ƙafa ya ce mu hanzarta, shanu suna jira.

Ku da kuka tashi a cikin gari, kuna jin iyayenku suna kiran kowa da sunansa, ba lalle ne ku san nauyin kunyar ɗan fari ba. A gidajenmu na wancan lokaci, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Uba ma haka, ko da yake nasa da ɗan sauƙi. Ba ƙiyayya ba ce, kamun kai ne, kuma macen da ta kiyaye shi ana ganin girmanta. Inna ta kiyaye shi fiye da kowace mace da na sani. Ni takan kira sunana daga safe har yamma, ta yi mini faɗa, ta ɓoye mini ƙanzo. Shi kuwa “Mai-shanu” take ce masa, saboda bijiman huɗa biyu da Baba ya damƙa masa kiwonsu, kuma ko wannan ba ta faɗa tana kallon fuskarsa. Sai dai al’adar ba ta bar ɗan fari haka kawai ba, ta ba shi kaka. Abin da uwa ba ta iya faɗa, kaka ce ke faɗa da ƙarfi. Tamu, Kaka Delu, mahaifiyar Baba, ba ta da wani zance sai Yaya Lawan. Da ta hango mu mun shigo da jakunkunanmu sai ta ɗaga murya:

“Ku ba ni wuri, mijina ya dawo daga boko! Zo nan, angona. Kai dai ka zama alƙali, ko da za ka sake ni ka auri mai takalmi mai tsini, na yafe.”

Shi kuma ya ce, “Ni da na saba da furarki, ina za ni, Kaka? Ke dai ki nemi haƙoran aro kafin ranar, kada ki ba ni kunya a gaban manyan mutane.”

Ta jefe shi da mafici, kowa ya yi dariya, Inna ta juya baya tana tankaɗe kamar ba ta ji ba, amma kafaɗunta suna rawa. Kaka Delu ta rasu da bazara, muna ajin ƙarshe. Da Allah ya nufe ta da ganin ƙarshen wannan damina, da wani ne yake rubuta muku wannan babi, kuma da ya fi ni iya rubuta shi.

A shekarar ce aka fara jin zancen tsuke bakin aljihu a rediyo. Mu a ƙauye ba mu da aljihun da za a tsuke, amma mun ga abin a kasuwa: sabulu ya yi wuya, kananzir ya yi tsada, takin zamani ya zama sai mai hanya. Muka yi jarrabawar shiga sakandare, sakamako ya fito, mu biyu muka sami gurbi a makarantar kwana a Gwarzo, shi a sahun gaba, ni da kyar. Amma tare da albishir aka aiko da saƙo cewa kyauta ta ƙare. Uba ne zai biya kuɗin makaranta, ya ɗinka tufafi, ya sayi katifa da bokiti da littattafai. Baba ya saurari saƙon har ƙarshe, ya ce Allah ya kai mu.

Ana cikin haka ruwa ya sauka, kurkunu ya kwantar da Baba. Ina roƙon Allah kada ya nuna muku wannan cuta. Tsutsa ce doguwa, siririya kamar zare, da ake ɗauka daga ruwan kududdufi. Takan fasa fata ta leƙo, yawanci a ƙafa, sai a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, domin in ta tsinke ƙafar ta kumbura ke nan. Ta Baba ta tsinke. Kuma ba ta tashi fitowa ba sai da aka gama shuka, lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Na tuna shi kwance a zaure, ƙafa a kan matashi, yana jin ƙarar fartanyar maƙwabta yana juyar da fuska wajen bango.

Washegarin ranar da ya tabbata Baba ba zai taka ba, Yaya Lawan ya ɗaura wa bijimai garma tun da sassafe. A bakin gona ya tsaya ya dube ni.

“Sani, ka ji abin da na lissafa. Idan rumbu ya cika har aka sami na sayarwa, mu biyu za mu tafi Gwarzo. Idan bai cika ba, babu mai zuwa. Saboda haka ka dage. Kuma don Allah ka bambanta gero da ciyawa, jiya rabin abin da ka nome abincinmu ne.”

Gaskiya ya faɗa. Ni fartanya ba ta taɓa zama a hannuna ba. In na yi noman firi, sai an bi bayana an gyara. In rana ta take, ƙirjina ya riƙa kuka kamar tsohon zugazugi. Shi kuwa, yaro ne da bai fara aske gemu ba, amma ya riƙe gandun gidanmu shi kaɗai. Bijiman suna jin muryarsa kamar mutane. Kunyoyin da yake tayarwa a miƙe suke tun daga wannan iyaka har waccan, har dattawa masu wucewa kasuwa sukan tsayar da keke su tsaya kallo. Da ya gama tamu, ya riƙa yi wa maƙwabta huɗa su biya shi da aikin maimai, wato noma na biyu. Tafin hannunsa ya fashe, ya shafa man kaɗe ya koma. A duk wannan wahala, Gwarzo ce a bakinsa. Yakan tambaye ni ko ina ganin da gaske akwai ɗaki guda a can da babu komai a ciki sai littattafai. Ruwa ya yi kyau a wannan shekara, gero ya yi zangarniya irin wadda aka daɗe ba a gani ba, kuma rumbu ya cika kamar yadda ya lissafa. Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba: ya nuna wa kowa, har da Baba, cewa gonar za ta iya rayuwa ba tare da Baba ba, amma ba za ta iya ba tare da shi ba.

Baba ya tashi, amma da ɗingishi; gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba har ya koma ga Allah. Bayan an yanke gero, sai magana ta fita cewa ɗaya kawai zai tura. Ba kuɗin ne kaɗai ba, ko da yake su ma ba su isa biyu ba sai an taɓa abincin shekara. Babbar matsalar ita ce wa zai riƙe garma baɗi. Da hedimastanmu, Malam Garba, ya ji, sai ya hau kekensa ya zo bayan la’asar. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, maƙwabta biyu-uku suka zauna, aka sa ni kawo ruwa. Bayan an gama gaisuwa da tambayar ƙafa da iyali, ya shiga abin da ya kawo shi.

“Malam Idi, na ji ka ce ɗaya za ka iya. To idan ɗaya ne, ai ba abin shawara ba ne. Lawan ne. Tunda na fara koyarwa ban riƙe yaro irinsa ba. Ba ina rage Sani ba ne, ga shi nan yana ji, shi ma ya sani.”

Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. A gaban mutane aka yabi ɗansa na fari, kuma ba shi da damar ya ce haka ne.

“Malam, mun gode da zumunci. Yaron da kake magana a kansa, ai yaro ne kamar sauran yara.”

Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki amma mai saurin baki, ya karɓe zancen.

“Haba Malam Hedimasta! Ka ga huɗar yaron nan kuwa? A ɗauki irin wannan hannu a ba shi alƙalami? Ai asara ce. Wannan kuwa,” ya nuna ni da haɓa, “da ma gona ba ta ƙaru da shi da komai ba. A kai shi boko, babu abin da aka rasa, gero ma ya huta.”

Aka yi dariya, har da ni, domin ban san abin da ake yankewa ba ke nan. Malam Garba bai yi dariya ba. Ya ce a yi masa izini ya ji ta bakin uwar yara. Baba ya ɗaga murya ya kira ta, ta zo ta tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ba a ganin komai nata sai gefen zane. Suka gaisa. Ya maimaita mata tambayar. Muryarta ta fito a hankali:

“Ni dai abin da na sani, Sani ba shi da ƙirjin noma. Tun yana goye yake fama. In aka bar shi a gona, ban san yadda za ta kasance ba.”

“Na ji wannan, Inna. Babban fa? Me kika ce a kansa?”

Shiru. Na ji motsin zanenta, na ji ta ja numfashi kamar mai shirin magana. Malam Garba ya matsa gaba kaɗan.

“Na san al’ada, ni ma ɗan fari ne a gidanmu. Amma yau ku ajiye ta, don girman Allah. Kalma ɗaya nake nema in riƙe.”

Wani a zauren ya yi gyaran murya. Daga baya ta ce:

“Yana da ubansa.”

Muka ji takunta ta koma ciki. Baba ya ce to, Sani zai tafi bana, ɗayan kuma in Allah ya kai mu baɗi, aka ga yadda ƙafa ta yi, sai a duba. Malam Garba ya shafa fatiha tare da kowa, ya miƙe, ya fita. A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Yaya Lawan, wanda ya dawo daga shayar da bijimai, igiya a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye a wurin ba. Ya durƙusa ya gaida malaminsa, ya riƙe masa keke har ya hau, sa’an nan ya ja shanunsa ya zagaya da su baya.

Ina so ku lura da wani abu, domin shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina. A ajinmu akwai Nasiru, ɗan wani Alhaji mai sayen hatsi a garinmu. Shi da ’yan’uwansa biyu duk sun tafi sakandare a wannan shekara, kuma a gidansu babu wanda ya zauna a zaure yana auna wa za a tura, wa za a bari. Suna da ’yan ƙwadago a gona. Uwar Nasiru ma tana kunyar ɗan fari kamar Inna, amma kunyarta ba ta ci kowa ba, domin ba a taɓa kai ta inda sai ta zaɓa ba. Al’ada ɗaya ce a gidajen biyu. A gidan mai hali ado ce. A gidanmu ita ta yanke hukunci.

Ranar tafiyata shi ya ɗauki akwatina a ka har bakin titi. Bai nuna mini fushi ba, kuma da ya nuna da na fi samun sauƙi. Muna jiran mota ya ce:

“Malam Garba ya ce a can akwai lissafin da ake yi da haruffa maimakon lambobi. In kun kai wurin, ka riƙe shi da kyau ka zo ka nuna mini, kada in je baɗi a bar ni a baya.”

Hutun farko na nuna masa a gindin ɗorawar nan, kuma kafin in gama bayani ya riga ni ganin amsar. Amma baɗin da aka ce ta zo da ƙarancin ruwa, wadda ta biyo ta ma haka. Aka sayar da bijimi ɗaya don kada a fitar da ni daga makaranta. A hutu na gaba da na ɗauko littafi, ya ce in bari sai an gama girbi. Bayan girbi ya ce sai ya dawo daga cin rani. Daga nan bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ɗaukowa ba, domin na lura duk lokacin da ya ga littafin sai ya tuna da wani aiki a bayan gida. Na wuce jami’a, shi ya yi aure, Baba ya rasu, gidan ya koma wuyansa. Duk buhun da na ci a makaranta daga kunyoyinsa ya fito.

Ban san iyakar abin da aka yi masa ba sai da aka ƙaddamar da Shari’a, ina sabon ma’aikaci. Waɗanda suka ga lokacin za su gaya muku irin fatan da talakawa suka yi. Mutane sun ɗauka ranar ta zo da za a saurari mutum saboda gaskiyarsa, ba saboda rigarsa ba. Aka shiga kafa kwamitoci, ciki har da wanda zai kula da tattara zakkar hatsi a yankinmu da raba ta ga mabukata. A ƙauyenmu ba a yi gardama kan wanda za a tura ba. Da ma can Yaya Lawan ne mutane ke kai wa zakkarsu ya isar, domin ya san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ya iya kaiwa ba tare da maƙwabci ya sani ba. Ni kuma aka gayyace ni in rubuta abin da za a tattauna.

A firamarenmu aka kira taron, a ajin da muka gama. Na zo da wuri na zauna a gaba. Shugaban taron, da ya iso cikin mota, sai na ga Nasiru ne, ya zama Alhaji Nasiru, ya yi jiki. Wakilan ƙauyuka suka taru a ƙofa suna cire takalma. Sai ya ɗaga hannu.

“Jama’a, a yi haƙuri. Aikin nan akwai rubuta rahoto, akwai zama da manya. An ce wanda zai zama mamba sai yana da aƙalla satifiket na sakandare. Masu shi su shigo su zauna. Sauran kuna iya saurare ta taga, ba a hana ba.”

Yaya Lawan ya riga ya cire takalmi ɗaya. Ya mayar da shi, ya koma gefe. Alhaji Nasiru ya hango shi.

“A’a, Lawan na ɗaya! Kana nan? Wallahi ba ni na kafa sharaɗin ba, ka san da ni ne, kai ne shugaba ma. Ina gona? Ina yara?”

“Lafiya lau, Alhaji. Ai ka ci gaba da aikinka. Tagar ma na santa, kusa da ita nake zama da.”

Aka yi dariya. Na miƙe na ce wannan sharaɗi ba daga Shari’a yake ba, babu inda aka ce sai mai takardar boko ne zai san miskini, kuma mutanen ƙauyenmu shi suka aiko. Alhaji Nasiru ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma haka aka aiko masa daga sama; kuma tunda ni ɗan ƙauyen ne, ga digiri, me zai hana in zauna a madadin yayana? Na tattara takarduna zan fita. Sai na ji muryarsa ta taga, a hankali, yadda ya saba yi mini magana a gindin ɗorawa:

“Koma ka zauna, Malam Sani. In ka fito, mu duka muna waje ke nan.”

Na koma na zauna. Na yi taron ina rubutu, shi yana tsaye a rana, ya dafa bakin taga, kusa da bencin da ya yi shekaru yana zama a kai yana ɗaga hannu kafin kowa. Duk lokacin da aka tambayi halin da ƙauyenmu yake ciki, sai in waiwaya, ya faɗa mini, in maimaita wa mutanen da suka riga suka ji shi da kunnensu, sa’an nan a rubuta da sunana. A ranar na gane abin da takardata take shaida. Ba ta ce na fi kowa sani ba. Cewa ta yi, a wata shekara, gidanmu ya iya rabuwa da hannuna.

Da aka tashi muka kama hanyar gida a ƙafa, yana tura kekensa. Da muka zo daidai ɗorawar sai ya rage tafiya.

“Yaron nan zai gama firamare bana,” in ji shi.

Na san wanda yake nufi, ɗansa na fari. Amma na ce, “Wane yaro, Yaya?”

Ya tsaya. Ya dubi hanya gaba da baya, ga mutane suna tahowa daga taron, suna iya jinsa.

“Usman,” ya ce. “Usman ɗana. Ya fi ni kai, Sani, na gwada shi. Kuma ya iya huɗa, shi ne abin da yake ba ni tsoro. Bana ban bar shi ya taɓa garma a gaban mutane ba.”

Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci sunan. Usman, kai ne babba a cikin masu karanta wannan babi, kuma kana makarantar kwana yanzu. Ka san cewa ba ni na kai ka ba, ko da yake a gidana kake hutu. Mahaifinka ne ya kai ka, ranar da ya tsaya a kan hanya ya faɗi abin da ba a faɗa masa ba.

Daga baya na ba Inna labarin tagar. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya daina aiki.

“Na buɗe baki a ranar, Sani,” in ji ta. “Allah ne shaidata, na buɗe. Na san shi ya fi so, ni nake ganinsa yana karatu a bayan shanu. Na ɗauka tsohuwa za ta yi magana kamar kullum, sai na tuna ba ta nan. Sa’an nan ga maza a zaure.”

Na ce mata ai ya wuce, kuma bai taɓa riƙe ta a zuci ba. Ta ce ta sani, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Ba na rubuta wannan don ku zargi Baba, wanda ya zaɓa da ƙafa ɗaya da rumbu ɗaya, ko Inna, wadda ta yi abin da aka koya mata cewa shi ne mutunci. Ba kuma ina ce muku ku raina karatu ba. Ku yi shi iyakar ƙarfinku. Amma duk ranar da aka buɗe muku ƙofa saboda takarda, ku waiwaya ku ga wanda ke tsaye a taga, kada ku ɗauka kun san dalilin da ya sa yake can. In kuma kun ji Gwaggo ko wani yana cewa an zaɓi Sani saboda kansa, ku gyara masa cikin ladabi, ku ce ni na ce.

Tafiyar Usman ta faranta wa yayana rai, amma ba ta mayar masa da shekararsa ba, kuma babu abin da zai mayar. Inna tana nan da ranta. Bijimi na biyun ma an daɗe da sayar da shi, turken ya ruɓe, an share wurin an kafa ɗaki. Amma har yau, in ya shigo da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, takan kawar da kai gefe ta ce:

“Mai-shanu, an tashi lafiya?”

Shi kuma ya ce, “Lafiya lau, Inna.”